Inuwar Giginya

Wata bakwai ke nan da gwiwar Lubabatu ta yi ƙara
a filin Ƙofar Mata, saura minti uku a tashi.
Daga benci na jiyo ta, ƙas,
kamar an taka busasshen kara da tsakar dare.
Da za mu kai ta asibitin ƙashi na Dala
adaidaita sahu ta yi mata kaɗan,
sai da ƙafar ta leƙo waje
tana gaida mutanen Gwammaja.

Tun daga ranar muka zama gajeru.
Wasa shida, aka ci mu biyar.
Duk ƙwallon da ta daki allo ta dawo
a hannun wasu take sauka,
mu muna ƙasa, wuya a miƙe,
kamar masu jiran mangwaron maƙwabta ya faɗo.

Yau ta dawo kwaleji da takardar likita, ninki huɗu:
minti goma sha biyu, ban da tsalle.
Na karanta, na goge tabarau, na sake karantawa
ko adadin zai ƙaru.
Bai ƙaru ba.

Bayan isha'i na zauna da mintunan nan
ina kasa su kamar mai tumatir a 'Yankaba.
Uku a farko, don baƙi su gan ta gabansu ya faɗi.
Uku kafin a tafi hutu.
Sauran shidan na ƙulle a gefen mayafi,
kuɗin mota ne, ba a kunce su
sai hanya ta yi nisa.

Shamsiyya, kyaftin, ta ce,
Malama, ki sake ta kawai, mun gaji da shan kashi.
Mahaifiyarta kuwa ta kira daga Fagge,
ba ta tsaya dogon gaisuwa ba:
da ƙafa biyu na ba ku ita.
Na ce na sani, Hajiya.
Ta ce a'a, tuna miki nake yi.

Luba, zo ki ji.
Ba gudu nake nema a wurinki ba,
masu gudu ina da su har sun yi mini yawa.
Ki je gindin kwando ki kafe,
ki ɗaga hannuwan nan da Allah ya ba ki.
Biyu za su taso miki, wataƙila uku,
su manta da Kubura can a lungu
ita kaɗai, da hannunta mai saiti.
Ki miƙa mata.
Inuwar giginya ai na nesa ka sha ta.

Ta dube ni daga can sama, ta ce,
wato na zama turke?
Na ce, an taɓa ɗaure doki a jikin iska?

Da la'asar muka gwada.
Ta tsaya, ta miƙa, Kubura ta zura, raga ta yi shuu.
Sau huɗu haka.
A na biyar ƙwallo ta bugi ƙarfe ta yi sama,
jikin ya tuna abin da takarda ta hana.
Ta tashi.
Usur na bakina, na kasa hurawa.
Yara tara suka daskare,
har mai sayar da zoɓo a bakin waya ta daina zuba.

Ta sauka.
A kan ƙafar hagu kaɗai, mai lafiyar,
ta dama a rataye kamar ta aro ce.
Suka yi ta tafi. Ban yi ba.
Na ga abin da hoton asibiti bai nuna ba:
jijiya ta ɗinke,
amana ce ba ta ɗinke ba tukuna
tsakaninta da gwiwarta.

Asabar za mu kara da 'yan Zariya.
Na buɗe littafina, na soke sha biyu, na rubuta takwas.
Za ta yi fushi, ta ƙi gaishe ni kwana biyu.
Ta yi.
Da ƙafa biyu aka ba ni ita.